Fasfon Kawu a Ƙasan Shafi

A shekarata ta biyu ta karatun digiri na biyu a Makka aka raba mana batutuwan bincike. Sashenmu na aƙida ne da nazarin addinai. Wani ya samu Yahudawan Andalus. Wani kuma ya samu wata ƙungiya da ta ɓace daga doron ƙasa tun ƙarnonin farko, na kuwa taya shi murna, domin babu wanda ya rage a duniya da zai ce ya yi masa ƙazafi. Da aka zo kaina, malamin da zai duba aikina, wanda muke kira Daktur kawai, ya sauke tabarau ya dube ni.

"Kai ɗan Nijeriya ne ko? Kuna da Nasara a ƙasarku."

Na ce muna da su.

"Madalla. Lahutut Tahrir. Rubuta."

Na rubuta. Sai da na je laburare na gano cewa mutanen wannan batu, wato aƙidar wasu Kiristoci ta 'yantar da talaka, a Latin Amurka suke, kuma tsakanin Zariya da can akwai teku guda cur. Ban koma na faɗa masa ba. Ni mutum ne da idan mai shayi ya zuba mini sukari fiye da ƙima, shanyewa nake yi in yi godiya. A wurin Daktur kuwa Nasara duk Nasara ne. A Makka ba a ganinsu, tun daga kan hanyar Jidda akwai allon da ke karkatar da su gefe. Wannan ya sa babu inda aka fi sashenmu ƙwarewa a kansu, tunda ba wanda zai taɓa shigowa ya ce mun yi kuskure.

Abin da nake nema ɗaya ne, mumtaz, wato maki mafi girma. Ɗalibi baƙo ba ya wucewa zuwa dakta sai da shi. Wanda ya samu ƙasa da haka, a miƙa masa takardarsa da fasfonsa, a yi masa addu'a, ya kama hanyar Jidda. Ni kuma ina son in zauna. Ina son laburaren da sanyinsa, ina son in gama karatu da la'asar in hau motar jami'a in yi magariba a Harami. Ban taɓa samun ƙasa da mumtaz a kowace jarrabawa ba, kuma ba ni da wani abin alfahari da ya wuce wannan.

Bincike a kan wani addini a sashenmu yana da tsari guda da ba a taɓa shi. Kashi biyu ne: bayani da raddi. Ka faɗi abin da mutanen suka ce, sannan ka rusa shi. Tun a kan bangon littafi ake rubuta haka, don kada mai karatu ya shiga fargabar yadda labarin zai ƙare.

Bayanin bai ba ni wahala ba, daɗi ma ya yi mini, wanda hakan shi kansa ya kamata ya zama gargaɗi. Wasu limaman coci ne da aka tura unguwannin talakawa, inda gidaje na kwano da kwali suke manne a jikin duwatsu. Sun iske wa'azin da aka saba yi a can shi ne a yi haƙuri, lada yana gaba. Mai gona dubu yana sahun farko a coci, wanda ke yi masa noma yana bakin ƙofa, kowa ya ce amin. Sai waɗannan limamai suka ce talauci irin wannan ba daga sama yake saukowa kamar ruwa ba, mutane ne suke ƙera shi, da dokoki da takardu da sojoji. Suka ce zunubi ba a zuciyar mutum kaɗai yake zama ba, yana iya zama a cikin tsari, ya samu ofis da hatimi. Suka ce Ubangiji yana gefen wanda aka danne, kuma wanda ya ce ba ruwansa da siyasa ya riga ya zaɓi gefe. Suka riƙa tara manoma da masu wanki ƙungiya-ƙungiya, a karanta labarin Musa da Fir'auna, sannan a tambaya: a garin nan wane ne wane? Wasunsu an kore su, wasu an ɗaure, wasu an harbe.

Na cika katuna fiye da akwatin takalmi biyu. Kowane kati da sunan littafi, da maɗaba'a, da bugu na nawa, da shafi. Idan na ga wani ya kawo magana ba shafi, ji nake kamar na ga mutum ya fito kasuwa ba wando.

Kowace Juma'a bayan an sauko nakan tafi unguwar Rusaifa wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata. Tayil yake sakawa. A shekarun nan Makka ba ta da sama sai ƙugiyoyin gini, kuma Kawu ya shimfiɗa daɓen banɗakuna a otal-otal da ke leƙen Ka'aba daga hawa na talatin. Yakan ce ya ga Ɗakin Allah daga inda ko sarkin garinmu bai gani ba, sai dai a durƙushe yake ganinsa, da siminti a gwiwa. Ɗaki ɗaya suke da wani ɗan Maraɗi mai tuƙa motar ruwa, a saman wani shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Tasu na'urar ba ta aiki.

Fasfon Kawu yana hannun kafilinsa, mutumin da sunansa ke kan iƙamarsa, wato takardar izinin zama, wanda ba ka barin ƙasar sai da yardarsa. Da kakarmu ta kwanta ciwo Kawu ya nemi izinin zuwa gida. Kafil ya ce bayan Ramadan. Bayan Ramadan ya ce bayan Hajji. Bayan Hajji ya ce bukra, wato gobe, in sha Allah. Ta rasu ana cikin bukra. Ni da nake jika na je hutun shekara na zauna zaman makoki, ɗanta na cikinta ya karɓi gaisuwa ta waya a tsaye bakin wani banɗaki da bai gama ba. Kafilin ba mugu ba ne yadda ake zana mugaye. Ya aiko masa da katan ɗin dabino na ta'aziyya, kuma an ce ba ya rasa sahun farko.

Wata Juma'a muna cin shinkafa da kaza a faranti ɗaya, Kawu ya ce, "Ustazu, wai me kake karantawa ne shekara da shekaru? Uwarka ta tambaye ni na ce hadisi."

Na ce Kiristoci nake karantawa.

Ɗan Maraɗi ya tsayar da loma. "A Makka?"

"Don in yi musu raddi," na ce da sauri.

"To, alhamdu lillahi," ya ce, ya ci gaba.

Kawu bai bar ni ba. Ya ce in faɗi abin da suka yi da har sai an taso yaro daga Zariya ya zo Makka ya rama. Na yi bayani yadda zan iya, ina kallon faranti. Da na zo kan limaman da suka bar gidajen coci suka koma zama cikin talakawa, ya girgiza kai.

"Waɗanne Kiristocin? Ba dai namu ba. Ni na yi aikin tayil a gidan wani fasto a Kaduna, banɗakinsa ya fi ɗakin nan da na maƙwabta."

"Na wata ƙasa ne, Kawu."

"Na ce dai. Su ma nasu malaman na gidan gwamnati suna nan ko?"

Na ce suna nan, su ne ma suka fi yawa.

"To duniya ɗaya ce. Ci gaba."

Da na faɗi maganar Musa da Fir'auna, ɗan Maraɗi ya ce wannan sata ce, Fir'auna namu ne, yana cikin Alƙur'ani. Kawu ya ce ya kwantar da hankalinsa, Fir'auna ya ishi kowa, ko an raba shi gida biyu ba zai ƙare ba. Ɗan Maraɗi ya ce shi dai abin da ya sani, arziki da talauci ƙaddara ne, kuma wanda ya yi haƙuri a Makka ladansa ninki ne.

"Wallahi gaskiyarka," in ji Kawu. "Ni na yarda da ƙaddara, ban taɓa musu ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tawa ƙaddarar tana cikin durowar wani mutum a unguwar Shisha, kuma makullin yana aljihunsa. Kai taka ina take?"

"Kai dai ka ji tsoron Allah, Bazazzagi."

"Ina ji. Shi ma kafil ina jinsa. Shi ya sa nake gajiya, tsoro biyu nake ɗauka a albashi ɗaya."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Da na koma masauki na ɗauki kati na rubuta maganar durowa kalma da kalma. A wurin sunan littafi na tsaya, na bar shi fari. Shi ne kati na farko a akwatina da ba shi da shafi.

Wahala ta fara da na zo raddi. Babin farko na raddin ya tafi sumul. Triniti, gicciye, allahntakar Annabi Isa, waɗannan malamanmu sun gama da su tun ƙarnoni, sai dai ka jera hujjoji ka sa lamba. Na yi imani da abin da na rubuta a nan, har yau ma. Amma wannan raddi ne ga Kiristanci gaba ɗaya, kuma da shi za ka iya rusa fasto mai banɗaki da limamin da aka harba a lokaci guda. Batuna kuwa ya keɓanta da abin da waɗannan suka ce game da talaka. Nan fa na zauna da Mus'hafi da littattafan tafsiri ina neman ayar da za ta ce mai danne mutane a bar shi da Allah kawai, kada a yi magana. Duk inda na buɗe sai in ci karo da maraya, da miskini, da waɗanda aka raunana a bayan ƙasa, da masu tauye mudu. Na koma hadisi, na tarar da haƙƙin ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. Mako uku ina haƙa rami don abokan gaba, duk wanda na leƙa sai in ga ni ne a ciki.

Na je wurin Daktur. Ofishinsa yana ƙamshin turaren wuta, ga fulas ɗin gahawa a gefe. Na yi ta zagaye-zagaye kafin in ce ina ganin a kan maganar zalunci, kamar akwai ɗan kusanci tsakanin abin da suka faɗa da abin da yake wurinmu.

"Kusanci?" Ya ajiye finjali. "Ya waladi, idan agogo ya tsaya, sau biyu a rana yakan dace da lokaci. Ba a sayensa don haka. Mu muna da zakka, muna da sadaka, muna da wakafi. Su kuma gurguzu ne ya sa rigar limamai. Rubuta haka. Suna tunzura talakawa a kan shugabanni, fitina ke nan. Rubuta."

Na rubuta. Sannan na tambaya, a hankali, ko akwai littafin da zan jingina maganar da shi.

Fuskarsa ta washe. Ya tashi da kansa ya jawo wata fassara daga kanta. Ashe manyan cocinsu na can Turai sun riga mu. Sun fitar da takardar gargaɗi a kan waɗannan limamai, sun ce sun cusa siyasa cikin addini, sun ɗauko tunanin 'yan gurguzu, sun mai da tsira ta lahira ta koma ta tuwo. Har an hana wasunsu magana na wani lokaci.

"Ka gani?" in ji Daktur. "Shaida daga cikin gida."

Haka na zauna a Makka, tsakanina da Ka'aba tafiyar 'yan mintuna a mota, ina kwafo hujjojin manyan limaman Turai shafi bayan shafi, ina cewa sun yi daidai. A babi na huɗu na kira su ɓatattu, a babi na biyar suka zama madogara. Ban ga wanda abin ya dama ba. Da alama idan maganar talaka ta taso, manyan malamai na kowane addini sukan gane juna ko ba tafinta.

Babin ya yi kyau. Daktur ya rubuta "ahsanta" a gefe har sau uku. Ni kuma katin nan mara shafi yana cikin akwati, kullum na zo neman wani sai yatsana ya taɓa shi.

A nan na yi wautar. A wurin da na kawo maganarsu cewa zunubi yana iya zama a cikin tsari, na sa 'yar lamba, na sauka ƙasan shafi, wurin da ake kira hamish, inda ake jera madogara da ƙananan haruffa. Na rubuta layi uku da Larabci mai tsabta. Na ce wannan ma'ana ba baƙuwa ba ce ga talakan Musulmi, domin wani ma'aikaci a wannan gari mai alfarma ya ce mini ya yarda da ƙaddara, sai dai tasa tana cikin durowar kafilinsa. Na ce a raina na sauke nauyi, kuma ba wanda zai gani. Wa ke karanta ƙananan haruffa a shafi na ɗari da wani abu?

Shekara uku ina sashen, ya kamata in fi kowa sanin amsar. A wurinmu ba a karanta tsakiyar shafi. Kowa ya san abin da ke ciki, bayani ne da raddi. Ƙasan shafi ake karantawa. A nan ake kama ɗalibi: ya sa bugun Beirut a maimakon na Alƙahira, ya manta shekarar rasuwar marubuci, ya rubuta juzu'i na uku alhali na huɗu ne. Da a tsakiyar babi na rubuta maganar da manyan haruffa, da ta wuce lafiya. Daktur kansa bai gani ba, domin ya yarda da ni a kan hamish har ya daina dubawa. Na ɗauki abin da nake son ɓoyewa na ajiye shi a wuri ɗaya tak da ake bincikawa.

Ranar munaƙasha, wato ranar da ake kare bincike a bainar jama'a, an cika ɗakin taro da ƙamshin turare. Na sayo dabino da ruwa da kek kamar yadda ake yi. Malamai uku a kan dogon tebur: Daktur a tsakiya, wani matashi a hagu, a dama kuma wani dattijo siriri wanda ɗalibai ke tsoro tun kafin a haife ni. An ce ya taɓa riƙe ɗalibi awa guda a kan waƙafi ɗaya. Kwafinsa na bincikena ya kumbura da 'yan takardu masu launi da ya liƙa.

Kawu ya zo. Ban gayyace shi ba, na dai faɗa masa ranar, shi kuma ya nemi rabin yini a wurin aiki, aka ba shi, abin mamaki. Ya sa babbar riga mai aiki da hular da yake ajiyewa don Idi, ya zauna a layi na uku. Larabcinsa na wurin gini ne da kasuwa, ya san yalla da khallas da jib siminti. Larabcin da ake yi a kan teburin nan kuwa, sai dai ya tsinci sunan Allah ya ce amin.

Dattijon ya fara da yabo, kamar yadda aka saba. Ya ce bincike ne mai daraja, ɗalibi ne mai ladabi, daga ƙasa mai son ilimi. Ya yi minti goma yana shafa ni da mai. Sannan ya ce "amma", ya lashi yatsa.

Mun yi awa ɗaya a kan bugu da juzu'i. Na amsa duka, har sau biyu na nuna masa cikin ladabi cewa bugun da ke hannunsa ne ya bambanta. Na ga alamar ya fara jin daɗina, irin yadda maharbi ke jin daɗin naman da ya iya gudu. Sai ya buɗe wani shafi mai jar takarda, ya karanta layukan nan uku da ƙarfi, a hankali, da kyakkyawan tajwidi.

 Daktur ya jawo nasa kwafin yana neman shafin. Daga layi na uku na ji muryar Kawu, shi kaɗai: "Masha Allah."

Na jira a ce siyasa, a ce fitina. Dattijon bai ce ko ɗaya ba. Ya fi ƙarfin haka.

"Ya bunayya, ba ruwana da ma'anar maganar. Ni tambayata ta ilimi ce. Ina madogara? Ka ce wani ma'aikaci. Wani ba suna ba ne. Riwayar wanda ba a sani ba, ka san hukuncinta. Idan hira ka yi, ƙa'ida a bayyane take: cikakken sunan mai magana, da aikinsa, da wurin da aka yi hirar, da rana. Ka faɗa mana yanzu mu rubuta, hamish ya cika, mu wuce."

Ya ɗaga alƙalami. Har yau ban sani ba ko ya san abin da yake tambaya. Wataƙila tarko ne, wataƙila kuma shi da gaske ramin da ke ƙasan shafin ne kawai yake damunsa, kamar yadda da ni ne a kujerarsa zai dame ni. Ana ɗaukar zaman a na'ura, kuma kwafin bincike yana zuwa laburare inda kowa zai iya buɗewa. Ina da duk abin da ya nema. Ina da suna har na kakan kaka, ina da Rusaifa, saman shagon gyaran na'ura, ina da ranar, domin na rubuta ta a bayan katin. A rayuwata ba a taɓa tambayata madogara na rasa ba. Ga shi kuma madogarar tana zaune a layi na uku da hular Idi, tana yi mini murmushi, iƙamarta a hannun mutumin da aka ambaci durowarsa.

Na ce, "Babu ma'aikacin, ya Shaikh."

"Na'am?"

"Ni na ƙirƙira. Misali ne na buga, na sa shi a bakin wani."

Ban taɓa jin muryata ta fita sarai haka a gaban jama'a ba, kuma ƙarya ce ta fara samun wannan gata, a cikin hurumin Makka.

Dattijon ya ajiye alƙalami kamar an mare shi. Da na zagi wani sarki, ina jin da ya fi sauƙin yafewa. Ya yi kusan minti ashirin a kan amanar ilimi. Ya kawo tarihin masu ƙirƙirar riwaya da yadda malamai suka tona asirinsu. Ya ce wanda ya ƙirƙiri layi uku, me zai hana a yi shakkar sauran? Daktur ya sa baki ya ce kuskuren ƙuruciya ne, kuma raddin ɗalibin a kan Nasara mai ƙarfi ne, a duba babi na biyar. Matashin na hagu yana ta kallon dabino. A kan durowa da abin da ke cikinta, ba wanda ya furta kalma. Tunda an tabbatar babu ma'aikacin, babu durowar ke nan, kowa ya samu sauƙi.

Aka fitar da mu, aka yi shawara, aka dawo da mu. An amince da binciken bisa sharaɗin a goge hamish ɗin. Daraja: jayyid jiddan. Da kyau ƙwarai, in ji takarda. A wurin ɗalibi baƙo ma'anarsa a ɗaure kaya.

Kawu ya rungume ni a bakin ƙofa yana ta sa albarka. Sai da muka hau tasi na yi masa bayanin cewa ban samu abin da ake nema ba, ba zan wuce dakta ba. Da muka wuce wata gada ya juyo gare ni.

"Tsohon nan na dama ne ko? Na ga yana ta huci. Me ka yi masa?"

"Wani kuskure ne a ƙasan shafi, Kawu."

"Ba ka zagi Kiristocin sosai ba, shi ke nan. Na san halinka, kunya. Da ni ka ba wa, da na gama da su a shafi biyu."

Na ce haka ne.

Goge layukan bai ɗauki minti ɗaya ba. Na kai kwafin da aka gyara, dattijon ya duba wurin da kansa, ya sa hannu, har ya ce in gaida mutanen Nijeriya. Cikin kwana tara ofishin ɗalibai baƙi ya kira ni. Wani ma'aikaci ya buɗe durowa, ya fito da fasfona da bizar fita a ciki, ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba.

Juma'ar ƙarshe na je Rusaifa sallama. Ɗan Maraɗi ya ba ni turare in kai wa wani ɗan'uwansa a Kano. Kawu ya ba ni jarkar zamzam, ya ce in je kabarin kakarmu in yi mata addu'a da sunansa, in ce yana nan tafe. Sannan ya ce in nuna masa fasfon. Ya goge hannunsa a jikin riga kafin ya karɓa. Ya buɗe shafin bizar, ya daɗe yana kallon hatimin, ya juya shi sama da ƙasa.

"Kwana nawa ka ce?"

"Tara."

"Tara." Ya juya wurin ɗan Maraɗi. "Ka ji fa. Yaro ya faɗi jarrabawa, an ba shi fasfo a kwana tara. Ni shekara shida ina cin tawa, ko tayil ɗaya bai taɓa karkacewa ba." Ya miƙo mini, bai saki ba nan da nan. "Ustazu, kafin ka tafi, zauna ka koya mini yadda ake faɗuwar nan."